Dakoro: Ciwon da ke bin matan da suka tsira daga zubar jinin haihuwa

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, idan mace ta zubar da jini wajen haihuwa har ta suma, sannan Allah ya tashi kafaɗunta, ba wanda ke ƙara neman wani abu. A yi barka, a yi suna, a yi ta godiya. Haihuwa yaƙin mata ce, kuma wannan ta dawo daga fagen daga da ranta.

Sai dai a cikin irin waɗannan mata akwai waɗanda jikinsu ba ya komawa yadda yake. Alamar farko tana bayyana tun kafin ranar suna: nono ya ƙi kawo ruwa. A dama mata kunu iri-iri, a jiƙa saiwoyi, shiru. A koma shayar da jariri madarar akuya ko ta shanu, ko a miƙa shi ga wata mai goyo a dangi. A gama wankan jego, a yi arba'in, wata shida ya wuce, shekara ta zagayo, al'ada ba ta dawo ba. Da tana shayarwa da ba abin mamaki ba ne, domin mai shayarwa kan daɗe ba ta ga jini ba. Amma ita ba ta shayarwa. Wasu su ce ciki ne ya kwanta. Wasu su ce sammu ne, ko iska.

Daga nan sai kasala. Matar da a da take surfe da daka ta ɗebo ruwa kafin hantsi, yanzu tulu guda ya gagare ta. Tana jin sanyi ana tsakiyar zafin bazara. Gashin hammata da na gaba ya zube, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa wa kowa ba. Fuskarta ta yi fari, ƙananan tamoji sun fito a gefen ido da baki, mai shekara talatin ta koma kamar ta ba hamsin baya. A gidan miji kuwa sunan da ake ba wannan hali shi ne son jiki.

Likitoci suna da wani sunan dabam. Suna kiran sa ciwon Sheehan, kuma yana da magani.

Abin da ke mutuwa a cikin kai

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a wani ɗan gurbi na ƙashi da ke bayan hanci, akwai wata ƙwaya da ba ta wuce girman wake ba, nauyinta kusan rabin giram. Sunanta fituwitari. Ƙanƙanta ce, amma ita ke ba sauran sassa umarni ta hanyar sinadaran da ake kira homon, waɗanda take zubawa cikin jini. Ɗaya yana sa nono ya kawo ruwa. Biyu suna tafiyar da al'ada da ƙwan haihuwa. Ɗaya yana tayar da ƙwayar tayirod da ke wuya, wadda ke saita zafin jiki da kuzari. Wani yana umartar wasu ƙwayoyi da ke saman ƙoda su fitar da kotizol, sinadarin da ke riƙe bugun jini da sukari idan jiki ya shiga wahala. Sai kuma homon ɗin girma.

Lokacin goyon ciki wannan ƙwaya tana kumbura, takan kai kusan ninki biyu, saboda tana shirin samar da nono. Gurbin ƙashin da take ciki kuwa ba ya buɗewa, hanyoyin jinin da ke ciyar da ita ma ba su da ƙarfi. Idan mace ta zubar da jini sosai har bugun jininta ya faɗi, jinin da ke isa wurin sai ya yanke, wani ɓangare na ƙwayar ya mutu. Abin da ya mutu ba ya farfaɗowa.

Wani likita ɗan Birtaniya mai binciken gawa, Harold Sheehan, shi ya fayyace wannan a 1937 yana aiki a birnin Glasgow, bayan ya duba matan da suka rasu bayan haihuwa. A ƙasashen da kusan kowace mace ke haihuwa a asibiti, ga jini a ajiye, ciwon ya zama abin da likita zai iya gama aikinsa bai gani ba: wani bincike a Iceland ya samu mata kusan 5 ne cikin kowace 100,000. A yankin Kashmir na Indiya kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya ƙiyasta kusan kashi 3 cikin 100 na matan da suka taɓa haihuwa, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa a gida suka haihu.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A 1991 wasu likitoci da ke aiki a Asibitin Ƙasa na Yamai, cikinsu har da Arnaud Cénac, sun wallafa bayanin mata 40 da suka gano suna da ciwon Sheehan. Matan karkara ne, waɗanda suka haihu ba tare da ma'aikacin lafiya a kusa ba. Waɗannan su ne suka iya kai kansu babban birni.

Me ya sa Dakoro

Duk abin da ke share wa wannan ciwo hanya akwai shi a yankin. Garin Dakoro yana da nisan fiye da kilomita 100 daga Maraɗi, gundumar kuma faɗi gare ta: daga gonakin gero na wajen Kornaka da Sabon Mashi har zuwa kwarin Tarka, inda noma ke ƙarewa, kiwo ya karɓa, Fulani da Buzaye ke bin ciyawa da dabbobinsu. Macen da jini ya ɓalle mata da dare a ruga ko a ƙaramin ƙauye, kafin a samo amalanke ko babur, a kai ta ƙaramin asibiti, daga can a tura ta asibitin gunduma inda ake iya ƙarin jini, sa'o'i sun tafi. Zubar jinin haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Wadda ba ta mutu ba, ta shafe waɗannan sa'o'i ne ƙwaƙwalwarta na fama da ƙarancin jini.

Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kowace mace tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma kusan haihuwa bakwai cikin goma a gida ake yin ta. An samu sauyi tun daga lokacin, amma matan da suka haihu a waɗancan shekaru suna nan da rai, kuma wannan ciwo ba ya gaggawa. A Faransa wani bincike ya nuna ana ɗaukar kimanin shekara 9 kafin a gano shi. A birnin Kayseri na Turkiyya, inda likitocin Jami'ar Erciyes suka tara mata fiye da 100 masu ciwon, tazarar ta kai kusan shekara 20.

Akwai wani wuri guda da irin wannan uwa ke bayyana da wuri, sai dai ba don kanta take zuwa ba. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, mutanen yankin sun san hanyar kai yaron da ya rame. Jaririn da uwarsa ba ta da ruwan nono yana cikin waɗanda ake kaiwa. Idon kowa yana kan sikelin awon yaro, kuma da gaskiyarsu. Amma tambaya guda ga uwar, ko ta zubar da jini a haihuwar nan, za ta iya rage mata shekaru goma na wahala.

Homon ɗin girma bayan an gama girma

Cikin sinadaran da fituwitari ke fitarwa, homon ɗin girma da na nono ne suka fi saurin ɓacewa a ciwon Sheehan, saboda ƙwayoyin da ke yin su suna gefen da jini ya fi saurin yankewa. An daɗe ana ɗauka cewa wannan ba asara ba ce ga babba: tunda tsawo ya tsaya, me za a yi da sinadarin girma?

Daga baya aka gane sunan ne ya yaudari mutane. Jikin babba yana ci gaba da fitar da shi har tsufa, musamman cikin barci mai nauyi, kuma aikinsa shi ne ƙona kitse, riƙe tsoka, da ƙarfafa ƙashi. Wanda ya rasa shi, kitse yana taruwa masa a ciki ya lulluɓe hanji da hanta, tsoka tana raguwa, mugun kitsen jini da ake kira kolestarol yana hawa, ƙashi yana yin laushi. Ga gajiya, ga janyewa daga mutane. Mace na iya zama siririya a hannu da ƙafa amma ga tumbi, a yi ta yi mata kallon mai ciki.

A 1990 wasu likitoci biyu a birnin Gothenburg na Suwidin, Thord Rosén da Bengt-Åke Bengtsson, suka bi tarihin mutum 333 da fituwitarinsu ya gaza. Duk ana ba su sauran magungunan, ban da homon ɗin girma. Mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini a cikinsu ta kusan ninka abin da ake tsammani ga sa'o'insu. Shekara guda kafin nan, a 1989, an wallafa gwaje-gwaje na farko a Landan da Denmark da suka nuna cewa idan aka yi wa manya masu wannan rashi allurar homon ɗin na wasu watanni, kitse yana raguwa, tsoka tana ƙaruwa.

Samun maganin kansa yana da nasa tarihin. Daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1985, daga fituwitarin gawarwaki ake tatso shi, ana tanadar ɗan abin da aka samu don yaran da suka kasa girma. Aka dakatar a 1985 bayan an gano yana ɗauke da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, wadda a ƙarshe ta kama mutum fiye da 200 a duniya, mafi yawansu a Faransa. A shekarar ce aka fara sayar da wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma a 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba manya.

To, me shekaru talatin na amfani da shi suka nuna? Mafi girman bayanan da ake da su sun fito ne daga wani kundi mai suna KIMS, wanda aka riƙe daga 1994 zuwa 2012, ɗauke da marasa lafiya fiye da 15,000. A cikinsa akwai mata 91 masu ciwon Sheehan da aka yi nazarinsu dabam a 2005, kuma bayan shekara biyu ana yi musu allurar, tsokarsu ta ƙaru, jin daɗin rayuwarsu ya inganta. Binciken da ya bi mutane shekara 10 zuwa 15 ya nuna cewa raguwar kolestarol da ƙaruwar tsoka da ƙarfin ƙashi suna ɗorewa. Kitsen da ya zube a shekarun farko kuwa, wani ɓangare nasa yana dawowa yayin da shekaru ke ja.

Akwai kuma inda gizo ke saƙar. Homon ɗin girma yana adawa da insulin, don haka sukarin jini yakan ɗan hau, musamman a farkon magani, kuma mai ƙiba ko wanda ciwon sukari ke danginsa sai an riƙa auna shi. Idan allurar ta yi yawa, ƙafa da hannu suna kumbura, gaɓoɓi suna ciwo, yatsu suna mutuwa. Ba a ba wanda ke fama da ciwon daji. Kuma har yau masana suna ja-in-ja kan ko yana tsawaita rai, domin mutuwar da aka gani a Gothenburg tana iya samun wasu dalilai: wasu marasa lafiyar an gasa musu kai da haske don kashe ƙari, wasu an daɗe ana ba su kotizon fiye da kima. Abin da ya tabbata shi ne yana gyara jiki da kuzari ga wanda aka tabbatar ya rasa shi.

Na farko da na ƙarshe

Ga mace a Dakoro, wannan allura ita ce ta ƙarshe a layi, kuma hakan ba don talauci kaɗai ba ne. Ko a Paris haka tsarin yake.

Abin da ke kashe mai ciwon Sheehan da sauri shi ne rashin kotizol. Tana iya shekaru tana lallaɓawa, sai ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, ko gudawa, ko aka yi mata tiyata: bugun jini ya faɗi, sukari da gishirin jini su yi ƙasa, ta fita hayyacinta. Maganin wannan ƙwaya ce da ake sha kullum, haidirokotizon, ko wata 'yar'uwarta idan ba a samu ba. Bayan ita sai lebotairoksin, mai maye gurbin aikin tayirod. Dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na allurar girma ba. Jerin yana da muhimmanci: idan aka fara ba ta maganin tayirod kafin na kotizol, ana iya jefa ta cikin suman da ake gudu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a saya mata magani a kasuwa bisa kwatance. Sai na uku, homon ɗin mata ga wadda shekarunta ba su kai na ɗaukewar al'ada ba, don kare ƙashinta. Wasu ma, da taimakon likitan mata, suna sake samun ciki.

Allurar girma kuwa kullum ake yin ta a ƙarƙashin fata, yawanci da dare, ko da yake a 2020 Amurka ta amince da wadda ake yi sau ɗaya a mako. Yawancin nau'o'inta sai a firji. Ana farawa da kaɗan, a riƙa auna wani sinadari a jini mai suna IGF-1 ana daidaitawa, kuma mata sun fi maza buƙatar mai yawa. Tabbatar da rashin ma aiki ne: jiki yana fitar da homon ɗin ne a guntu-guntu, awo ɗaya ba ya nuna komai, sai an yi gwaji na musamman a asibiti ƙarƙashin idon ƙwararre, sai fa idan sauran homon uku sun riga sun ɓace kuma IGF-1 ya yi ƙasa. Firji, awon jini a kai a kai, ƙwararren likita, da kuɗi na shekaru ba na wata guda ba: duk wanda ya san rayuwar ruga ya san nisan wannan.

Wannan magana ta shafi 'yan ci-rani kai tsaye, domin su ake bugo wa waya idan inna ko yaya ta kwanta. Wanda ke Legas ko Abidjan ko Aljeriya ko Turai, idan ya ji labarin ya yi kama da wanda aka zayyana a sama, kuɗin da zai aiko sun fi amfani a kan mota zuwa Maraɗi da awon jini na kotizol da tayirod, daga can kuma a tura ta Yamai ko Kano idan ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. Kwalin allura da aka sayo a intanet aka ba direba ya ratso Sahara da shi cikin zafi ba taimako ba ne.

Ba kuma kowace kasalar jego ce Sheehan ba. Ƙarancin jini ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970 suna danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Shi yana zuwa ne da haki da kumburin jiki. Abin da ya bambanta Sheehan shi ne haɗuwar abu uku: jini ya zuba, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba.

Maza ma ba su tsira ba. Ƙari a fituwitari, tiyata a wurin, da mummunan bugu a kai duk suna iya kashe ta. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ba hular kwano ya kwana biyu a sume, in bayan shekara ya ga ƙarfinsa da sha'awarsa sun tafi, tumbi ya fito, ya kamata ya ambata wa likita wancan hatsarin. Su kuwa samarin birni da ke neman wannan allura don su ƙara tsawo ko su fito da ƙwanji a gidan ɗaga ƙarfe, asarar kuɗi suke yi: da zarar ƙashi ya rufe bayan balaga ba abin da zai ƙara tsawo, kuma mai lafiya da ya ɗura wa kansa homon ɗin yana sayen kumburi da hawan sukari ne da kuɗinsa. An haramta shi a wasanni tun da daɗewa.

Tsayar da jinin

A fannin hana zubar jinin kansa, Nijar ta yi abin da duniya ta waiwaya ta kalla. Daga tsakiyar shekarun 2010 ma'aikatar lafiya ta shimfiɗa wani tsari mai mataki uku a cibiyoyin lafiya na ƙasar: a ba mace ƙwayar misofurostol don mahaifa ta tsuke, idan jini bai tsaya ba, a saka kwaroron roba da aka ɗaura a bututu cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, idan ta fara fita hayyacinta, a naɗe ƙafafunta da cikinta da wata riga mai matsewa da ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa asibiti. Sakamakon shekara shida da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini a cibiyoyin sun ragu da fiye da rabi.

A shekarar ce kuma aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororinsa. Dabarar ita ce a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ya zuba maimakon a ƙiyasta da ido, sannan a haɗa magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Duk minti da aka rage wa mace cikin suma, an rage haɗarin da fituwitarinta ke ciki. Amma waɗannan tsare-tsare suna ƙirga wadda ta mutu ne da wadda ta rayu, lissafi kuma yana rufewa ranar da aka sallame ta. Wadda aka yi wa ƙarin jini leda uku aka sallama da jaririnta, an rubuta ta cikin nasara, kuma nasarar ce. Abin da ya rage shi ne a gaya mata, ita da wanda ya rako ta, tun a bakin ƙofar asibiti, cewa idan mako ya cika nono bai kawo ba, ko watanni suka ja ba ta ga al'ada ba alhali ba ta shayarwa, ta dawo, kuma ta faɗa wa duk likitan da ta tarar cewa ta taɓa zubar da jini.

Wadda aka riga aka ɗora kan haidirokotizon kuwa, akwai ƙa'idojin da ita da mutanen gidanta za su riƙe. Ba a yanke shan sa ko da ta ji sauƙi. Ranar da zazzaɓi ya kama ta ana ƙara yawan ƙwayar yadda likita ya tsara mata tun farko. Kafin azumin Ramadan ta nemi shawararsa. Idan kuma amai ya hana maganin zama a cikinta, ba a jira gari ya waye: allura take buƙata, a cibiyar lafiya mafi kusa, a daren.